Yadda Za a Shirya Matashi Kafin Awon Asibiti ko Aikin Tiyata

Yaro ɗan shekara 5 ana iya saɓa shi a kafaɗa a kai shi gaban mai allura, ya yi kukansa ya gama, a saya masa alawa a bakin ƙofa, magana ta wuce. Ɗan shekara 15 ba ya saɓuwa, kuma alawa ba ta rarrashinsa. Yana da wayon da zai gane cewa ana ɓoye masa wani abu, amma kunya ba za ta bar shi ya buɗe baki ya yi tambaya a gaban mahaifinsa ba, balle idan abin ya shafi wani sashe na jikinsa wanda shi kansa bai gama sabawa da sauyinsa ba. Shi ya sa za ka ga matashi a layin ganin likita ya sunkuyar da kai yana latsa waya, iyaye suna yaba masa dauriya, alhali kuwa kwana ya yi bai runtsa ba. Wannan shirun shi ne abin da ya kamata a fara magancewa, domin a cikinsa ne ake ɓoye tsoro, a cikinsa kuma ake ɓoye bayanin da likita yake bukata kafin ya taɓa jikin yaro.

Ku fara fahimta kafin ku fahimtar

Ba za ku iya bayyana wa yaro abin da ku kanku ba ku gane ba. Kafin ku tashi daga gaban likita, ku roƙe shi ya rubuta muku sunan awon ko aikin, sannan ku tambaye shi me ake nema a gano, minti nawa abin zai ɗauka, ko za a sa yaron barci, ko akwai hana cin abinci, da kuma ranar da sakamako zai fito. Likitocin manyan asibitocinmu, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Nasarawa, suna ganin mutane da yawa a wuni, saboda haka wanda ya shiga da tambayoyinsa a rubuce ya fi fitowa da amsa. Kada ku ɗauka tambaya rashin kunya ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfani da haɗarin kowace, cikin harshen da zai fahimta.

Akwai wata kalma da take rikita mutane, wato gwaji. Tun bayan annobar sanƙarau ta 1996, lokacin da aka gwada wani sabon magani a kan yara a nan Kano, wasu dattawa da zarar sun ji an ce gwaji sai gabansu ya faɗi. Yana da kyau a bambance wa kowa a gida cewa awon jini ko hoto bincike ne na gano cuta, ba gwada magani ba ne a jikin yaro, domin tsoron kaka yana saurin zama tsoron jika.

Wa zai gaya masa, kuma yaushe

A gidajenmu akwai alkunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wanda wata uwar ko sunansa ba ta kira. Wannan ba aibi ba ne, amma yana nufin cewa mahaifi ko mahaifiya ba lallai su ne suka fi dacewa da wannan zance ba. Ku dubi wanda yaron yake sakin jiki da shi: kawu, ko gwaggo, ko yaya, ko ma kaka wadda wasan jika ya ba ta damar faɗin abin da uwa ba za ta iya furtawa ba. Yarinya ta fi buɗe ciki ga yayarta ko ƙanwar mahaifiyarta, saurayi kuma ga yayansa ko kawunsa.

Game da lokaci, matashi ya kamata ya sani tun ranar da aka yanke shawara, ko dai aƙalla mako guda kafin aikin tiyata, domin ya samu damar juya abin a ransa ya dawo da tambaya. Babban kuskure shi ne a ce masa ya shirya za a je gaida wani mara lafiya, sai ya tsinci kansa ana miƙa masa rigar tiyata. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba zai sake yarda da maganar gida a kan asibiti ba, ga shi kuwa mai sikila ko ciwon suga ko farfaɗiya zai yi ta komawa asibiti shekara da shekaru. A fara da tambayarsa abin da ya riga ya ji. Sau da yawa za a tarar ya gama bincike a intanet, ya ga hotuna masu tayar da hankali a TikTok ko YouTube, ko kuma abokinsa ya ba shi labarin wani da aka sa wa allurar barci bai farka ba. Sai an san abin da ke cikin kansa sannan za a san abin da za a gyara.

Abin da za a gaya masa

Kada a ce "ba zafi" idan akwai zafi. A ce masa, "Za ka ji tsini kamar cizon cinnaka na ɗan lokaci, kafin ka ƙirga goma an gama." Matashi ya fi jure abin da aka siffanta masa tun farko, saboda haka a bayyana masa abin da zai gani, da abin da zai ji a kunnensa da jikinsa.

Idan ɗibar jini ce, za a ɗaure damtsensa, a goge wurin da auduga mai sanyi, a ɗebi abin da bai wuce cikin ƙaramin cokali ɗaya ba a kowace kwalba. Wanda nauyinsa ya kai kilo 50 yana da jini kusan lita 3 da rabi a jikinsa, saboda haka maganar cewa an zuƙe masa jini ba ta taso ba, ko da kwalba huɗu aka cika.

Idan hoton MRI ne, za a kwantar da shi a tura shi cikin wani bututu mai faɗi, na'urar kuma tana ƙara kamar ana buga ƙarfe a maƙera, na tsawon minti 20 zuwa awa guda, kuma dole ya kwanta ba motsi. Babu zafi ko kaɗan, amma na'urar maganaɗisu ce mai ƙarfin gaske, don haka ba a shiga da ƙarfe: ɗan kunne, da zobe, da fil ɗin hijabi, da ribon mai ƙarfe, da agogo, da waya, da laya ko guru idan akwai, duk a waje za a bar su. Kwalli ma yana iya ɓata hoton kai. Wanda aka taɓa sa wa ƙarfe a ƙashi, a Asibitin Dala ko wani wuri, ya faɗa tun kafin a ba da rana. Hoton CT shi kuma 'yan mintoci ne, sai dai idan za a yi masa allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, zai ji ɗumi ya ratsa jikinsa, ya ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, har ya ji kamar fitsari ya kufce masa alhali bai kufce ba. Wannan na ƙarshen a tabbata an gaya masa, domin matashin da bai sani ba kunya ce za ta kama shi ya zabura, hoton ya lalace.

Ɗibar ruwan baya ita ce mutanenmu suka fi tsoro, ana cewa tana shanye ƙafa. Gaskiyar magana ita ce laka tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta. Haka ita ma allurar baya da ake yi don kashe rabin jiki: ƙafafu za su yi nauyi su ƙi motsi na 'yan awoyi, sannan su dawo a hankali. Wanda za a sa wa barci gaba ɗaya kuwa, a gaya masa cewa akwai ma'aikaci na musamman wanda ba shi da aiki sai zama a wajen kansa yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa har a gama, kuma idan ya farka zai iya jin kaikayin maƙogwaro, ko tashin zuciya, ko rawar sanyi, duk kuma suna wucewa.

Azumin asibiti ba azumin Ramadan ba ne

A nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Na taɓa raka ɗan yayata wani asibiti za a yi masa aikin gwaiwa, muna zaune sai nas ta zo kan wani yaro da ke gadon kusa da mu ta tambayi mahaifiyarsa, "Hajiya, me ya ci yau?" Ta ce, "Ai Sista azumi yake tun asuba, koko kawai na dama masa ya yi sahur, don kada ya galabaita." Nas ta rufe fayil. Aka ɗage aikin, bayan an biya kuɗi, an kawo masu ba da jini, uban kuma ya ɗauki hutu a wurin aiki.

Idan likita ya ce a zo da azumi, ba sahur a ciki. Don awon suga na safe ana so a yi awa 8 ba a ci komai ba, wato a ci abincin dare, daga nan sai ruwa zalla har a ɗebi jini. Ruwan ma yana taimakawa wajen fito da jijiya. Don allurar barci, ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa, amma asibitoci da dama suna cewa a daina komai daga ƙarfe 12 na dare, kuma umarnin asibitinku shi za ku bi. Koko da kunu da fura da shayi mai madara duk abinci ne, ko da kuwa sha ake yi. A bayyana wa yaron dalili, domin shi ne zai iya zagayawa ya sayi biskit a ɓoye: idan mutum yana cikin barcin allura, abin da ke tsare hanyar numfashi shi ma barci yake yi, abin da ke ciki yana iya tasowa ya faɗa huhu, wannan kuwa yana kisa. Idan an yi kuskure an ci, a faɗa. Ɗage aiki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Hoton ciki na sikanin kuma iri biyu ne. Idan hanta da matsarmama za a duba, ana hana abinci na wasu awoyi. Idan mara ce, ana so a sha ruwa kamar lita guda awa ɗaya kafin lokaci, a riƙe fitsari har a gama. Mai sikila da mai ciwon suga da ke allurar insulin kada su fara kowane irin azumi sai likita ya tsara musu, domin ƙarancin ruwa yana tayar da ciwon sikila, yunwa a kan insulin kuma tana faɗar da suga. Irin waɗannan ana yawan sa su a farkon layi ko a ɗaura musu ruwa. Idan abin ya faɗo cikin watan Ramadan, mafi yawan malamai suna ganin ɗibar jini kaɗan don awo ba ta karya azumi, mara lafiya kuma an yi masa rangwame ya sha ya rama.

Mintocin da ya kamata ku fita waje

A tattara duk magungunan da yaron yake sha a zuba a leda a kai wa likita, har da na kemis da na gargajiya da na Islamik, domin aspirin da ibuprofen da diclofenac suna iya ƙara zubar jini, wasu jiƙe-jiƙen kuma suna taɓa hanta ko ƙoda. Kada a tsayar da maganin farfaɗiya ko na asma da ka, a tambaya. A faɗi duk maganin da ya taɓa sa masa ƙaiƙayi ko kumburin fuska, a kuma faɗa idan wani a dangi ya taɓa samun matsala da allurar barci.

Bayan wannan sai abin da ya fi yi wa iyaye nauyi: ku tashi da kanku ku ce, "Likita, bari mu ba ku wuri ku gana." Akwai tambayoyin da babu matashin da zai amsa su da gaskiya mahaifinsa yana zaune. Likitan da zai sa barci yana bukatar sanin ko yaron yana shan taba ko shisha ko wiwi, ko tiramol, ko maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018 amma bai ɓace ba. Jikin da ya saba da tiramol ba ya amsa maganin kashe zafi yadda aka saba, kuma yanke shi kwatsam yana da nasa rikicin. Fitarku ba zargin ɗanku ba ne. Ko yaron da ko goro bai taɓa ci ba yana iya samun tambayar da yake jin nauyin yi, kamar ko aikin zai hana shi haihuwa, ko za a tuɓe shi a gaban mutane. Ku gaya masa tun a gida cewa za ku fita, kuma ba za ku tsare shi da tambayar abin da suka tattauna ba. Wanda bai kai shekara 18 ba, uba ko uwa ko mai riƙonsa ne zai sa hannu a takardar amincewa, amma a karanta ta a gabansa, a kuma nemi yardarsa da baki.

Ga 'yan mata akwai ƙari. Kafin hoton mara ko na CT ko tiyata, za a tambayi duk yarinyar da ta fara al'ada ranar da ta ga jininta na ƙarshe, wani lokaci har a auna fitsari. Ana yi wa kowa ne, saboda hasken hoto da wasu magunguna suna iya cutar da ɗan da ke cikin mai juna biyu, ba don an ga wata alama a tare da ita ba. A shaida wa yarinyar da mai rakiyarta tun da wuri, don kada wani ya harzuƙa a bakin ɗakin hoto yana cewa an ci mutuncin 'yarsa. Al'ada ba ta cika hana tiyata ba, amma tana gurɓata awon fitsari, saboda haka a faɗa. Kuna da damar neman ma'aikaciya mace, idan kuma babu, ku nemi wata nas ko 'yar uwa ta tsaya a ɗakin, a kuma rufe duk inda ba a dubawa. A dakata da baƙin lalle da jan farce a yatsu, domin suna iya hana na'urar da ake maƙalawa a yatsa karanta iskar jini daidai.

Kuɗi, jini da makaranta

A tambayi jimlar kuɗi tun da wuri, a kuma bincika abin da inshora ta ɗauka, ko ta NHIA ta gwamnatin tarayya ce ko ta KSCHMA ta jihar Kano. Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya nemi ofishin jin daɗin marasa lafiya. Idan an ce a tanadi jini, a kai 'yan uwa baligai masu lafiya kwanaki kafin ranar. Wannan lissafi duk a yi shi ba a gaban yaron ba, domin matashin da ya ji ana maganar sayar da akuya saboda shi yana iya cewa ya warke. Idan aikin ba na gaggawa ba ne, a kauce wa lokacin JAMB da WAEC da NECO, a kuma karɓi takardar asibiti don makaranta. Shi zai zaɓi abokan da za a gaya wa. Kada labarin aikin gwaiwarsa ya riga shi isa zauren WhatsApp na dangi.

Ranar da za a je

Da daddare a haɗa kati da takardar likita da rasit da tsofaffin sakamako da hotuna. Ya yi wanka, ya sa kaya masu sakin jiki waɗanda hannunsu yake naɗuwa, ya ɗauki caja da abin sauraro na kunne, da bargo idan lokacin hunturu ne. Idan ya tashi da zazzaɓi ko tari ko mura, a sanar da asibiti kafin a kama hanya. A fita da sassafe tun titi bai cushe ba, mutum ɗaya ko biyu su raka shi, ba gayya ba, kuma a bar mai yawan kuka a gida ta yi addu'a daga can.

Idan fitsari za a kai, a karɓi kwalbar ɗakin awo, ba ta lemo ba. Ya yi tsarki, ya bar na farko ya zuba, ya tari na tsakiya, a miƙa cikin awa guda ko biyu, kuma kafin a fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A wajen allura a ba shi zaɓi a ƙananan abubuwa: wane hannu, zai kalla ko zai kau da kai, yana so a ƙirga masa ko a yi shiru, zai saurari karatun Alƙur'ani ko zai yi hira. Ya ja numfashi ta hanci a hankali, ya sake shi ta baki a hankali fiye da haka. Wasu matasan, har da ƙarfafa 'yan ƙwallo, suna suma idan sun ga jini, saboda bugun jininsu yana faɗuwa nan take. Wannan ba ragwanci ba ne kuma ba iska ba ce. Wanda ya san yana haka ya faɗa a kwantar da shi kafin a soma, sannan ya riƙa ɗaure naman ƙafafunsa da na cikinsa na daƙiƙa 10 zuwa 15 yana saki, yana maimaitawa. Kada a ce masa, "Kai ba namiji ba ne?" kuma kada a danne shi da ƙarti sai idan rai ake ceto, a ba shi minti biyar ya fi sauri.

Bayan an gama

Kada a ba shi ko ruwa bayan tiyata sai ma'aikata sun ce a ba shi, komai roƙonsa. Idan yana sambatu yayin farkawa, a ajiye waya, kada a ɗauke shi bidiyo. A ce masa ya faɗi ƙarfin zafinsa daga 1 zuwa 10, a kuma ba da maganin a kan lokaci ba sai ya fara murƙususu ba. Awa 24 bayan allurar barci ba hawa babur ko keke, ba girki a kan wuta, kuma wani babba ya kwana kusa da shi. Masu dubiya a taƙaita su. Salla yana iya yin ta a zaune ko a kwance gwargwadon iko, ya yi shafa a kan bandeji ko ya yi taimama idan an hana ruwa taɓa wurin. Ba a shafa zuma ko man zafi ko garin magani a kan ɗinki. Zazzaɓi, ko ruwa mai wari daga ciwon, ko jinin da ya ƙi tsayawa, ko amai ba ƙaƙƙautawa, ko sarƙewar numfashi, ko kasa fitsari, kowanne daga cikinsu dalili ne na komawa asibiti a wannan lokacin, ko da tsakar dare ne.

Sakamako ba lokaci ɗaya yake fitowa ba: na zazzaɓin cizon sauro minti 20 ya isa, na shuka ƙwayoyin cuta, wato rainon su a ɗakin awo don a gane irinsu, yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, na tsokar da aka yanka kuwa yana iya kai makonni. A koma da takardar wurin likitan da ya rubuta awon, tare da yaron, maimakon a miƙa wa mai kemis ko a tura hotonta ga dangi kowa ya yi fassararsa. Idan awon rukunin jini na sikila ne, a tuna cewa ƙarin jini yana rikita shi, sai an bar kamar wata 3 sannan a auna. Idan ya fito AS, a zaunar da shi a gaya masa cewa ba cuta ba ce, amma idan ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zo da SS, wato mai ciwon sikila, kuma tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta wannan awo kafin ɗaurin aure. A yi hoton takardar a ajiye kwafi a gida, ta asalin kuma a miƙa masa tare da katinsa, a ce ya rubuta ranar cire zare da ranar komawa ganin likita a wayarsa.